Gansakukar da ake ci: noman da ba ya cin gona



Malamaina, iyayena da ke zaune nan gaba, shugabannin ƙungiya, ƙannena matasa maza da mata, ina yi muku barka da wannan rana. Ina gode wa waɗanda suka shirya zaman, suka kuma ba ni wannan lokaci. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan noma da muhalli. Na san da yawanku kun zaci zancen dashen itatuwa za ku ji, ko na noman rani. To, yau wani noma na zo muku da shi, wanda ba a yi masa sassabe, ba a kai masa hauya, ba a jiran ruwan shuka kafin a fara shi. Noman gansakuka ne. Na ga wasu sun fara murmushi. E, gansakuka dai, koren abin nan da ke taruwa bisa ruwa. Cikin danginta akwai wadda ake ci, kuma maƙwabtanmu na Cadi sun daɗe suna miya da ita. Abin da nake so ku riƙe daga jawabin nan shi ne: ƙasar kanwa da muka yafe, da ruwan zartsi da ke kashe mana albasa, da zafin rana da muke kuka da shi, su ne ainihin abin da wannan tsiro ke buƙata. Ke nan ana iya samun abin gina jiki ba tare da an ƙara sare daji ko taki ɗaya ba. Amma da sharuɗɗa, kuma zan faɗe su duka.

Mu fara da halin da gonakinmu ke ciki. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, mutanenta ba su wuce miliyan 3 da ƴan kai ba. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17. Yau mun haura miliyan 25. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ke rabonta igiya-igiya. A yawancin garuruwan jahar Maraɗi da kudancin Damagaram, barin gona ta huta ya zama labari. In gona ta kasa, sai a shiga makiyaya, a ci burtali, a sare ɗan dajin da ya rage. Daga nan faɗan manomi da makiyayi ke tashi, daga nan iska ke samun hanyar kwashe ƙasa, daga nan kuma saurayi ke ɗaura jaka ya tafi biɗa ƙasashen waje. Duk da wannan faɗaɗa gonaki, cimaka ba ta wadata ba. Fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 a ƙasarmu ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, saboda tamowa mai daɗewa. Sau da yawa cikin yaron a cike yake da kunu ko fura. Abin da ke gina jiki da ƙara jini ne ya yi masa kaɗan.

Tambayar ke nan: ta ina za a ƙaro wannan abin gina jiki, in ba a son ƙara cin daji? Amsoshin suna da yawa, akwai wake, akwai zogale, akwai kiwon kaji da na kifi. Gansakuka ɗaya ce daga ciki, kuma ita ce ba mu sani ba sosai.

A duniya nomanta ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an noma kimanin tan miliyan 35 na ciyawar teku da danginta, mafi yawa a ƙasashen Sin, Indunusiya, Koriya ta Kudu da Filifin. Igiya ake miƙewa cikin teku, a ɗaura mata iri, bayan makonni ko watanni a jawo a yanke. Ba ta cin gona, ba ta shan ruwan daɗi, har takan tsotse ragowar takin da koguna ke kwararowa cikin teku. A nan Afirka, matan tsibirin Zanzibar na wannan noma tun 1989. Sai dai mu ba mu da teku. Daga Yamai zuwa bakin ruwa a Kwatano tafiyar kimanin kilomita 1000 ce. Namu rabon yana cikin tabkunan kanwa.

Arewa maso gabas da tabkin Cadi, a yankin Kanem, akwai ƙananan tabkuna tsakanin tuddan rairayi. Ruwansu kanwa ce zalla, ba ya shayuwa. A cikinsu wata irin gansakuka ke tsirowa da kanta, har ruwan ya koma kore shar. In iska ta koro ta gefe, matan Kanembu, dangin Barebari, sukan shiga da ƙwarya su yaɗe ta su cika tukwane. Su hau tudu su yi ɗan kwarmi mai faɗi cikin rairayi, su zuba. Ruwan ya nutse, rana ta busar da abin da ya rage, su yanka shi gunduwa-gunduwa su kai kasuwa. Sunansa dihe. Marmasa shi ake yi cikin miya a ci da tuwon hatsi. Wasu masana daga Italiya da suka bi aikin matan a tabki ɗaya tak, mai suna Kosorom, sun wallafa a shekarar 2000 cewa ana fitar da kimanin tan 40 na dihe daga cikinsa kowace shekara.

Turawa a kasuwa suka tsinci abin. A 1940 wani masanin Faransa, Pierre Dangeard, ya duba dihen da aka sayo a kasuwar Masakori ya bayyana abin da ke ciki, amma ba wanda ya kula. Sai a 1964 zuwa 1965 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya sake ganinsa a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yanzu. Da aka auna, aka tarar abin gina jikin da ke ciki ya wuce tsammani. Daga nan aka fara nomanta a Meziko, sannan Amurka, Indiya da Sin. A can ana kiranta spiruline, mu ce sifirulin, saboda in an duba ta da madubin ƙara girma, zare ce siririya mai murɗe kamar igiya. Yau ana sayar da ita cikin kwalabe da tsada a shagunan Turai. Hukumar sararin samaniya ta Turai ma ta aika da ita tashar da ke shawagi a sama a 2017, don a ga ko za ta iya samar wa masu doguwar tafiya iskar shaƙa da abinci. Abin da matan Kanem ke yaɗa da ƙwarya ke nan.

Akwai darasi kuma a labarin Meziko. Lokacin da mutanen Sifen suka ci ƙasar wajen 1521, sun tarar mutanen wurin na sayar da irin wannan gansakuka a kasuwa, suna kwaso ta daga tabkin Teskoko. Sannu a hankali aka janye ruwan tabkin don gina gari, sana'ar ta mutu tare da shi. Mu da muka ga yadda tabkin Cadi ya tashi daga murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya koma ƙasa da kashi 1 cikin 10 bayan farin 1973 da na 1984, mun san abin da hakan ke nufi. In wuri ya mutu, abincinsa da ilimin abincin kan bi shi.

To, me ke cikin sifirulin? In ta bushe, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyinta sinadarin gina jiki ne, wanda masana ke kira furotin. Wake na da kamar kashi 23 zuwa 25, hatsi kamar kashi 10 zuwa 11. Tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, tana da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, mai kare ido. Ba ta da ɓawo mai tauri, don haka ciki na narkar da ita ba wuya.

Yanzu ku fiddo alƙalami, mu yi lissafi tare, don a nan amfaninta ga muhalli yake. Hekta ɗaya ta hatsi a ƙasarmu, a shekara mai dama-dama, takan ba da wajen kilo 500. Kashi 1 cikin 10 nasa furotin ne, ke nan kilo 50 da ɗan ɗori. Sifirulin kuma cikin kwami ake nomanta, na suminti ko na leda mai kauri, zurfin ruwan kamar santimita 20. Masu ƙaramin noma sukan samu giram 5 zuwa 10 na busasshiya a kowane murabba'in mita a yini. Mu ɗauki giram 6, kada mu cika baki. Mu ce kwana 300 take bayarwa a shekara, mu bar sauran don sanyi da gyara. Murabba'in mita ɗaya ya ba da kilo 1 da giram 800. Kwami mai mita 10 a tsaye, mita 5 a kwance, wato murabba'in mita 50, ya ba da kilo 90. Kashi 60 cikin 100 na kilo 90, kilo 54 ke nan na furotin. Kun gani? Filin da bai fi tsakar gida ba ya ba da furotin daidai da na hekta guda ta hatsi, alhali hekta murabba'in mita 10,000 ce. Ninki 200 ke nan.

Kada wani ya fita nan ya ce na ce a bar noman hatsi. Kilo 500 na tsaba shi ke cika rumbu, shi ke ba da ƙarfin aiki, karansa kuma ya yi darni ya yi abincin dabba. Sifirulin ba ta ƙosar da kowa. Mahaɗi ce, kamar yadda daddawa take a miya: kaɗan ake sa wa, amma ta canza abincin. Abin da lissafin ya nuna shi ne, giɓin gina jiki da ke cikin tuwonmu ana iya cike wani sashe nasa ba tare da sabuwar gona ba.

Amfani na biyu ya fi wannan daɗi a wajena. Wannan ɗan fili ma ba sai mai kyau ba. Kwami ba ruwansa da irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Fako ne, tsakuwa ce, ƙasar kanwa ce da ko ƙaya ba ta fitowa, duk ɗaya. Mu kuwa Allah ya hore mana irin waɗannan wurare: kwarurrukan Manga wajen Mayine-Sorowa da Gudumariya, yankin Gidimuni a jahar Damagaram, Dallol Boso, har Kawar can arewa. Kanwar da muke jefawa cikin wake da miyar kuɓewa, muke dama kunu da ita, muke ba dabbobi su lasa, ita ce gidan sifirulin. Hausawa sun ce kanwa uwar gami. Ga wani gamin da ba mu san ta iya ba. A wasu ƙasashe sai sun sayi sinadari daga masana'anta kafin su haɗa irin wannan ruwa. Mu a kasuwar ƙauye ake auna mana shi.

Na uku, ba a fesa mata maganin ƙwari. Dalili kuwa, kaifin ruwan da take rayuwa ciki, wanda a ma'aunin da ake kira pH yakan kai 10, yawancin ƙwari da ƙwayoyin cuta da sauran gansakuka ba sa jure shi. Duk wanda ya san yawan maganin da ake zuba wa wake da tumatir da kabeji, da yadda yake ƙarewa cikin ƙasa da rijiyoyin garka da jikin mai fesawa, ya san wannan ba ƙaramar riba ba ce. Fara ba ta cinta, jan baki ba ya sauka kanta. In ta bushe tana ajiyuwa watanni ba firji, kuma ba ta buƙatar itacen dahuwa, don bayan an sauke tukunya ake barbaɗa ta.

Sai maganar ruwa, kuma a nan sai mun yi hankali da abin da ake yaɗawa. Za ku ji ana cewa kilo ɗaya na naman sa na cin lita 15,000 na ruwa, sifirulin kuwa kaɗan take sha. Wannan adadi matsakaicin na duniya ne, kuma mafi yawansa ruwan sama ne da ya fito da ciyawa. Saniyar Bafulatani da ke kiwo a Azawak ba rijiyar kowa ta ƙafar ba wajen yin namanta, don haka kada mu ɗauki lissafin wasu mu ɗora wa makiyayanmu laifi. Mu yi namu lissafin. Cika kwami mai murabba'in mita 50 zuwa santimita 20 na cin lita 10,000, sau ɗaya. Ruwan da aka tace ana mayar da shi ciki. Abin da ake asara shi ne wanda rana ta shanye, kuma a bazara yakan kai milimita 8 ko fiye a yini. Lita 400 ke nan, bido 16 na lita 25, kullum. Ba kaɗan ba ne ga garin da mata ke kwana bakin rijiya. Garkar albasa mai wannan faɗi ma kusan haka take sha. Bambancin shi ne sifirulin na karɓar ruwan zartsi wanda albasa da mutum duk suka ƙi, kuma in an yi wa kwamin rumfar leda, asarar na raguwa sosai. Saboda haka inda ruwan sha ya yi ƙaranci, ba a taɓa shi don wannan noma. Inda aka gina rijiya aka tarar da zartsi aka yi baƙin ciki aka rufe, can ne wurinta.

Haka zancen iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya. Gaskiya ne kowane kilo na busasshiyar sifirulin ya zuƙi kusan kilo 1 da giram 800 na wannan iska kafin ya samu, ya kuma saki iskar da muke shaƙa. Masana ma na cewa kusan rabin iskar shaƙa da ake samarwa a duniya daga ƙananan tsirran cikin teku take fitowa. Amma abin da aka ci, jiki na mayar da iskarsa sama cikin kwanaki. Mai riƙe kabon shekara da shekaru shi ne icce. Iyayenmu manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna wa duniya haka: tun daga shekarun 1980, ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara su tashi cikin gona, sun rayar da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Taimakon da kwamin sifirulin zai yi wa wannan aiki shi ne rage dalilin da ke sa a sare iccen.

Yaya ake nomanta? Zan taƙaita, don wannan aiki ne na gani da ido. Ana haɗa ruwa da tatacciyar kanwa da ɗan gishiri, a ƙara abincinta: takin ure kaɗan-kaɗan, da fosfat, da fotash, da ɗigon sinadarin ƙarfe. Na ce kaɗan-kaɗan, don ure in ya yi yawa kashe ta yake yi cikin yini ɗaya. A zuba iri, a riƙa ƙara ruwa gwargwadon yadda take yaɗuwa. Ana motsa ruwan sau da yawa a yini, da tsintsiya mai tsabta ko da ƙaramin inji mai aiki da hasken rana, don ta ƙasa ta samu haske, ta sama kada ta ƙone. Ta fi son ruwa mai zafin digiri 35 zuwa 37. In ya sauka ƙasa da 20, kamar a darin Disamba da Janairu, sai ta yi kwance. In ya wuce 40, kamar a tsakar ranar Afrilu da Mayu, sai an yi mata inuwa. Ruwan sama na tsinka mata kanwa, ƙurar hunturu na ɓata ta, shi ya sa rufi ke da amfani. Da sassafe ake ɗiba. A tace da ƙyalle mai ƙananan ido ƙwarai, a matse, a fitar da ita sili-sili kamar taliya, a shanya cikin akwatin shanya mai raga, inda ƙuda da ƙura ba sa shiga. Matsalar dihen gargajiya ita ce rairayi, shi ya sa daga 2007 FAO, da kuɗin Tarayyar Turai, ta koya wa matan Kanem tacewa da ƙyalle da shanya nesa da ƙasa. A Kudugu ta Burkina Faso akwai gonar sifirulin da ta daɗe tana aiki cikin yanayi irin namu. Masu karanta Faransanci kuma su nemi littafin Jean-Paul Jourdan mai suna Cultivez votre spiruline, don masu ƙaramin ƙarfi aka rubuta shi.

Yanzu ga gargaɗi. In kun manta duk abin da na faɗa, kada ku manta wannan.

Na farko: kada kowa ya je tabkin bayan gari ya yaɗo gansakuka ya ce sifirulin ce. Cikin danginta akwai masu dafi da ke lalata hanta, suna kashe dabbobin da suka sha ruwan, kuma tafasawa ba ta kashe dafin. Da ido ba a bambance su. Iri daga gonar da aka sani ko daga ɗakin bincike ake karɓo shi, a kuma riƙa duba shi da madubin ƙara girma.

Na biyu: sifirulin na zuƙe duk abin da ke cikin ruwa, har da gubar ƙarafa irin dalma. Kafin a fara, a kai ruwan da kanwar a auna. Kafin a sayar ko a ba yaro, a kai samfurin a auna. Muna da ɗakin binciken lafiya na ƙasa, LANSPEX, a Yamai. Muna da cibiyar binciken noma ta INRAN. Muna da jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ta Andre Salifu a Damagaram, ta Jibo Hamani a Tawa. Ku ƙwanƙwasa ƙofar malaman kimiyya, don irin wannan aka kafa su.

Na uku: tsohon ruwan kwami akwai gishiri da kanwa da taki. In an kwarara shi cikin garka ko kusa da rijiya, an ɓata ƙasar da aka ce ana karewa. Rami na musamman ake yi masa, mai shimfiɗar leda, rana ta shanye shi.

Na huɗu: abinci ce, ba magani ba. Duk wanda ya ce muku tana warkar da sida ko ciwon suga ko hawan jini, kuɗinku yake so. Ba ta maye nama da nono da ƙwai, don bitamin B12 da ke cikinta yawancinsa jikin mutum ba ya amfana da shi. Jariri har wata 6 nonon uwa kaɗai. Yaron da tamowa ta kama har ya rame ko ya kumbura, gidan likita ake kai shi ran nan, ba a tsaya gwaji a gida. Mai ciki da mai wata cuta su tambayi likita kafin su fara.

Na san wani zai tambaya: ta halatta? Tsiron ruwa ce, ba ta da jini, ba ta sa maye, kuma mutanen Kanem da Musulunci ya shiga ƙasarsu tun ƙarni na 11 suna cinta. Inda za a kula shi ne abin da aka ciyar da ita. Wasu littattafan na ba da shawarar a yi mata taki da fitsari don rage kuɗi. Ku bar wannan, ku yi da taki mai tsabta, ku huta da shakka, masu saye ma su huta. Sauran bayani malamanmu na nan, su suka fi ni sani.

Wani kuma zai ce, mutanenmu za su ci abu kore haka? Mu da muka tashi da miyar kuka da kwaɗon zogale da tafasa, kore ba baƙonmu ba ne. Tana da ɗan ƙamshi kamar na busasshen kifi, wanda ke ɓacewa cikin kwaɗo ko miya mai yaji. Ƙaramin cokali ya isa a yini. Wanda zai sa ta shiga gida kuwa, ba mu maza ba ne. A Kanem sana'ar ta mata ce tun asali, a Zanzibar ma haka. Ƙannena mata, in aka fara wannan aiki ba ku ciki, ba inda za shi.

To, me nake roƙonku? Ba na ce ku je ku ci bashi ku zuba suminti ba. Noman nan na son kulawa kullum kamar jinjiri, yana son kuɗin farawa, kuma kasuwarsa a garuruwanmu sai an gina ta. Wuraren da aka fara da ɗoki, mai tallafi ya tafi aka rasa mai motsa ruwa, kwami ya koma wurin wasan yara. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Kowane reshe na ƙungiya ya zagaya yankinsa ya rubuta: ina fako, ina ƙasar kanwa, ina rijiyar da aka bari saboda zartsi. Wannan takarda kaɗai dukiya ce, ko ba a noma komai ba. Sannan reshe ɗaya ko biyu, inda akwai ɗaliban kimiyya da malamin da zai duba su, su gina kwami na murabba'in mita 4, mita 2 kowane gefe. Su sayi littafi da ma'aunin zafi da sikeli. Kullum a rubuta zafin ruwa, lita nawa aka ƙara, giram nawa aka ɗiba, sefa nawa aka kashe. Kada a ba kowa ya ci sai an auna an ce lafiya. A yi haka shekara guda, da dari da bazara da damina. In Allah ya kai mu taro na gaba, su zo da littafin su karanta mana. In giram 6 ɗin da na yi lissafi da shi ya tabbata a ƙasarmu, mu faɗaɗa. In bai kai ba, mu san dalili, mu gyara ko mu juya ga wani abin. Gani ya kori ji.

Ƙannena, ku ne za ku gaji gonakin nan da suka ƙanƙance, ku ne kuma za ku ciyar da yaran da za a haifa cikinsu. Iyayenku sun dubi kututturen da kowa ke sarewa suka ga icce a cikinsa. Ku ma ku sake duban fakon bayan garinku da rijiyar nan da aka rufe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka cikin wannan ƙungiya da waɗanda suka kafa ta.